Aikin da malami yake kaiwa gida a cikin jaka

Idan aka buga ƙararrawar tashi, ɗalibai suka watse, ka dubi abin da malami yake fita da shi daga ƙofar makaranta. Jakarsa ta fi yadda ya shigo da ita da safe nauyi. A cikinta akwai littattafan aji ɗaya ko biyu da ba a duba ba, da jan biro, da littafin shirin darasi, wani lokaci har da takardun gwajin makon jiya da yara suke ta tambayar sakamakonsa. Wannan jaka ita ce rabin aikin koyarwa, kuma ita ce rabin da ba a sa wa cikin lissafi idan ana raba wa malamai aiki. Ni a ganina, muddin ba a ƙirga wannan aiki aka ba shi gurbi a cikin lokacin makaranta ba, duk wata magana ta gyaran ilimi za ta tsaya ne a kan takarda, domin mutumin da ake so ya aiwatar da gyaran ya riga ya gaji tun kafin ya shiga aji.

Mutane da yawa suna ganin malami ɗan gata ne, yana tashi aiki da rana tsaka, ga hutun ƙarshen zango, ga dogon hutu. To, bari mu yi lissafi da alƙalami. Mu ɗauki malamin sakandare mai aji 5, kowane aji yara 50, kowane aji yana ganinsa sau 5 a mako, kowane darasi minti 40. Darasi 25 ke nan, wato sa'a 16 da minti 40 a tsaye gaban allo. Wannan kaɗai ake gani a jadawali. Idan ya ba kowane yaro aiki sau ɗaya tak a mako, littattafai 250 ne za su taru a teburinsa. Ya buɗe littafi, ya nemo shafin, ya karanta, ya gyara, ya sa maki, ya rubuta makin a takardarsa, minti 3 ba su yi yawa ba. Minti 750 ke nan, sa'a 12 da rabi. Idan azuzuwan nan matakai biyu ne, darussa 10 daban-daban zai shirya a mako, kowanne ya ci rabin sa'a, sa'a 5. A ƙara da taron safe, da kiran rajista, da tsaron fili lokacin tara, da taron malamai, da iyayen da suka zo da ƙorafi, a ce sa'a ɗaya a rana. Jimilla ta haura sa'a 39. Makarantar kuwa a buɗe take sa'a 6 a rana, sa'a 30 a mako. Ko da malamin bai zauna ya huta na minti ɗaya ba, sa'a 9 sun rage ba su da wurin shiga. Su ne suke bin sa gida.

Malamin firamare mai riƙe da aji ɗaya daga safe har tashi ya fi wannan shiga matsi, don shi ba shi da darasin da yake zaune ko ɗaya. Lissafi, karatu, rubutu, kimiyya, duk shi ne, kuma kowanne da shirinsa.

Shirin darasi shi ne abin da aka fi rainawa, saboda ana ɗauka wanda ya san abu zai iya koyar da shi kai tsaye. Sanin abu daban, sanin inda yaro zai yi tuntuɓe daban. Malamin da zai koyar da ɗebewa mai aro dole ya zauna tun jiya ya zaɓi misalansa bi da bi: na farko wanda ba aro a ciki, na biyu mai aro sau ɗaya, sai can daga baya ya kawo irin 402 a ɗebe 167, inda sifili yake tsakiya, domin a nan ne rabin aji yake faɗuwa. Idan ya shigo ba shiri ya ɗauko misali daga ka, sai tsautsayi ya sa mai sifilin ya zo da farko, yara su rikice, ya ɓata minti 20 yana warware abin da shi ya ƙulla. Shiri na gaskiya yana amsa tambayoyi kaɗan ne: me nake so yaro ya iya yi a ƙarshen minti 40 ɗin nan wanda bai iya ba da safe, wace tambaya zan yi in gane ya iya, wane kuskure nake sa ran gani, kuma me zan ba wanda ya gama da wuri don kada ya dami na kusa da shi. Wannan yana shiga rabin shafi. Abin takaici, a makarantu da yawa abin da ake nema a wurin malami shi ne shafi uku da aka rubuta da kyau don mai dubawa ya sa hannu, ana maimaita kanun magana iri ɗaya kowane darasi. Sai malami ya kwana yana kwafe shirin bara da sabon kwanan wata, tunanin da ya kamata ya yi a kan yaran bana kuwa bai samu lokacinsa ba.

Minti 40 ɗin ma ba duka yake samu ba. Malamin da ya gabace shi ya ƙara minti 3, tafiya daga wannan aji zuwa wancan ta ci 2, a goge allo, a nemo alli, a sa masu yawo su zauna, waɗanda suka manta littafi su faɗi uzurinsu. Kafin a fara minti 8 ko 10 sun tafi. Ƙwararrun malamai suna da maganin wannan, kuma ba kuɗi yake ci ba: tambayoyi uku a kan darasin jiya, a rubuta su a gefen allo da shigowa, kowa ya san da zarar malami ya shigo abin da za a fara ke nan, shi kuma ya kira rajista yara suna rubutu. Amma tambayoyin ukun nan ma sai an shirya su, kuma a gida ake shirya su.

Akwai wata ɓarna ta gajiya wadda ba a lura da ita. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 tsawon lokacin da malamai suke jira bayan sun yi tambaya, ta samu kusan daƙiƙa ɗaya ce, daga nan sai su ba da amsar da kansu ko su wuce wurin wani yaro. Ta kuma nuna cewa idan jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suna tsawo, kuma waɗanda ba sa magana suna fara ɗaga hannu. Daƙiƙa uku ba komai ba ne a baki, amma sai mai natsuwa yake iya jiran su. Malamin da ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare, yana kuma tunanin manhajar da ba a gama ba ga jarrabawa ta matso, ba ya jira. Yakan kira yara huɗun nan na gaba da kullum suke da amsa, ya wuce. Na bayan aji su ne suke biyan kuɗin barcin da bai yi ba.

Sai muryar. Murya ita ce kayan aikin malami, kamar yadda zarto yake ga kafinta, amma da wuya ka ji an koya wa mai shirin zama malami yadda zai kula da ita. Aji yana hayaniya, malami ya ɗaga murya, yara su ƙara tasu, shi ma ya ƙara. A yi haka sa'a uku ko huɗu a rana, ga ƙurar alli, ga shi ba ya shan ruwa don ba shi da damar barin aji ya zaga. Jijiyoyin murya suna gogar juna har su kumbura, idan abin ya daɗe sai ƙananan ƙullutai su fito a kansu, murya ta dushe ta ƙi komawa. Wanda muryarsa ta dushe fiye da mako biyu ko uku ya kamata ya ga likita, kuma raɗa ba hutu ba ce ga maƙogwaro, ita ma wahalar da shi take. Rigakafin sananne ne: kada a fara magana sai aji ya yi tsit, a sami wata alama ta hannu ko bugun tebur sau biyu da yara suka saba da ita, a taka zuwa wurin mai surutu maimakon a kira shi daga gaban allo, a ajiye ruwa a kan tebur. Wannan mutum da ya yini yana magana shi ne zai koma gida ɗansa ya tare shi da labari, ya ce masa ya bari sai an jima.

Gidan shi ne inda lissafin yake fitowa fili. Sa'a 9 ɗin nan dole su fito daga wani wuri, kuma wuraren uku ne kacal: lokacin iyali, lokacin barci, ko ranakun hutun mako. Malama mai 'ya'ya ƙanana ta fi kowa sanin wannan. Ta dawo, aikin gida yana jiranta kamar ba ta je ko'ina ba, sai yara sun yi barci sannan ta jawo jakar. Littafi na farko zuwa na goma tana karanta kowane layi, tana gyara kalma, tana rubuta wa yaro abin da zai gyara. Daga na talatin ido ya fara rufewa, sai dai ta duba amsar ƙarshe ta sa alama. Na ƙasan tarin kuwa sa hannu da kwanan wata kawai suke samu. Ba rashin amana ba ne, iyakar abin da jikin ɗan Adam yake iyawa ke nan. Amma sakamakonsa shi ne makin yaro ya dogara da inda littafinsa ya faɗa a cikin tari. Kuma abin da yake ci mini rai shi ne, 'ya'yan malamai da yawa suna girma suna ganin iyayensu suna duba aikin 'ya'yan wasu, nasu aikin makarantar ba wanda ya leƙa.

Idan aka zo ƙarshen zango abin ya ninka. Takardun jarrabawa 250, kowace minti 8, sa'a 33 da minti 20 ke nan, kuma yawanci a cikin mako ɗaya ake so a gama, a haɗa da makin gwaji, a fitar da jimilla, a cike takardar sakamako, a rubuta wa kowane yaro tsokaci. A nan ne kurakurai suke shiga. Ana kwafe maki daga takarda zuwa takarda da tsakar dare, layi ɗaya ya zame, makin wannan ya koma kan sunan na ƙasansa, haka har ƙarshen shafi. Yaron da ya ci ya koma gida da faɗuwa.

Inda albashi ba ya kai wa ƙarshen wata, sai a ƙara wani nauyin. Malami ya tashi daga makaranta ya wuce koyarwar yamma a gidajen mutane, ko wata sana'a, ya dawo da dare. Ba na ganin laifin wanda ya nemi abin da zai riƙe gidansa ta hanyar halal. Sai dai kowa ya sani, sa'o'in da ya sayar da yamma su ne sa'o'in shirin darasin gobe. Wanda yake biyan malami abin da bai isa ba yana ganin ya yi tsimi, alhali daga cikin ajin ake cire cikon.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Tun ranar 5 ga Oktoba 1966, a wani taron gwamnatoci a birnin Paris, aka amince da shawarwarin UNESCO, wato hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan matsayin malamai, kuma wannan rana ce aka mayar Ranar Malamai ta Duniya tun 1994. Takardar ta faɗa ƙarara cewa idan za a tsayar da sa'o'in koyarwa, a duba yawan yaran da malami yake hulɗa da su a rana da mako, da lokacin da yake buƙata na shirya darasi da duba aiki, da yawan darussa daban-daban da aka ɗora masa. Kusan shekara 60 ke nan, amma har yanzu a wurare da yawa abu ɗaya ake ƙirgawa, wato sau nawa ya shiga aji. A Ingila, tun 2005 doka ta ba malami aƙalla kashi 10 cikin 100 na lokacin koyarwarsa don shiri da duba aiki, a cikin jadawali, kuma ba a yarda a ɗauke shi a wannan lokaci a tura shi riƙe ajin wani ba. Kashi 10 bai isa ba, malaman can ma suna kuka da yawan aiki, amma dai an amsa cewa aikin yana nan. Binciken TALIS na 2018, wanda OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da galibinsu masu arziki ne, ta yi a kan malamai a ƙasashe da dama, ya nuna malaman ƙaramar sakandare suna aikin kusan sa'a 39 a mako a matsakaici, kuma kimanin rabin wannan ne kawai koyarwa a aji. A Japan sa'a 56 ne. Wannan fa a ƙasashen da yawancinsu matsakaicin aji bai kai yara 30 ba.

Wani zai ce ai akwai malaman da ba sa shiri, ba sa duba littafi, suna zaune a ɗakin malamai suna hira. Akwai su, kuma ba na kare su. Amma tsarin da ba ya ƙirga aikin ɓoye su yake yi wa daɗi, domin a kan takarda mai kwana yana duba littafi da mai barci tun magariba duk darasi 25 suka yi. Ranar da aka ce ga sa'o'in shiri a jadawali, ga abin da ake so a gani a ƙarshensu, ranar ce za a bambance mai aiki da mai fakewa. Maganar hutu kuma, a tuna makon farkonsa yakan tafi wajen ƙarasa sakamako, na ƙarshensa wajen tsara zango mai zuwa, kuma barcin da aka rasa a watan Maris ba a rama shi a watan Agusta.

Akwai abin da malami zai iya ragewa da kansa, tun kafin hukuma ta motsa. Ba kowane aiki ne yake buƙatar jan biro a kowane layi ba. Aikin da amsarsa ɗaya ce, daidai ko kuskure, a gyara shi a aji cikin minti 5, yara su yi musayar littafi, malami yana zagawa yana kallo. Wanda ya fi wannan zurfi, a ɗebi littafi 10 ko 12, daga masu ƙoƙari da matsakaita da masu rauni, a karanta su da kyau, a fitar da kurakurai uku da suka fi yawa, gobe a buɗe darasi da su a kan allo kowa ya gyara nasa. Minti 30 ke nan maimakon sa'a biyu da rabi, kuma gyaran ya iso wa yaro tun bai manta abin da ya rubuta ba. Littafin da aka mayar bayan mako biyu, maki kawai yaro yake dubawa ya rufe. Dubawa mai zurfi, ta kowa da kowa, a bar ta ga insha'i ko babban aiki sau ɗaya a mako biyu ko uku, kuma a jera azuzuwan yadda ba za su kawo nasu rana ɗaya ba. A jarrabawa, a rubuta amsoshi da rabon maki tun ranar da aka tsara tambayoyin, sannan a duba tambaya ta ɗaya a duk takardun kafin a koma ta biyu. Hannu yana saurin sabawa, ma'aunin kuma ba ya canjawa tsakanin yaro da yaro. Wajen shigar da maki, a sa rula a ƙarƙashin layi, a karanta suna kafin lamba, a kuma sake bin kowane suna na goma don a kama zamewa da wuri.

Sai dai duk wannan dabara ba ta aiki idan shugaban makaranta yana auna ƙwazon malami da yawan jan tawada a littafin yara. Iyaye ma suna da nasu kason, domin da yawa idan suka buɗe littafi ba su ga ja ba sai su ce malami ba ya aiki. Dole makaranta ta fito ta bayyana musu tsarinta a farkon shekara: wane aiki ake gyarawa a aji, wanne ake dubawa dalla-dalla, kuma a cikin kwana nawa ake mayarwa. Haka batun waya. Tun da lambar malami ta shiga hannun kowa, saƙo yana shigowa ƙarfe goma na dare a kan littafin da ya ɓace. Makaranta ce ya kamata ta sa iyaka, ta ce daga ƙarfe kaza ba a amsa saƙo sai gobe, don idan aka bar wa malami shi kaɗai, wanda ya ƙi amsawa za a kira shi mai girman kai.

Dalilin da ya sa nake ganin abin na gaggawa ne shi ne mutane suna barin aikin. Rahoton UNESCO na 2024 a kan malamai ya ce duniya tana buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030 don kowane yaro ya sami firamare da sakandare, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara, kuma babban kaso na wannan adadi na cike gurbin waɗanda suke fita ne. Sabon malami shi ya fi saurin fita, kuma ba abin mamaki ba ne. Darasin da tsohon hannu yake shiryawa a minti 20, shi sai ya yi sa'a guda a kansa, ga shi sau da yawa shi ake tura wa ajin da kowa ya guda. Kamata ya yi a rage masa darasi a shekararsa ta farko, a haɗa shi da wanda ya daɗe, a ba shi shirin darussan da aka riga aka gwada ya gina a kai. Malamai uku masu koyar da fanni ɗaya a mataki ɗaya ba su da dalilin da kowannensu zai zauna a gidansa yana ƙirƙiro abu ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su raba makonnin zango a tsakaninsu, su zauna minti 40 a mako su duba na juna.

Wurin da za a fara shi ne teburin da ake zana jadawali kafin a dawo hutu. A gaban sunan kowane malami yanzu lamba ɗaya ake rubutawa, yawan darussansa. A ƙara biyu: yawan yaran da suke hannunsa gaba ɗaya, da yawan darussa daban-daban da zai shirya a mako. Nan take za a ga cewa mai darasi 20 da yara 300 ya fi mai darasi 26 da yara 120 kaya, za a kuma ga malamin harshe mai karanta insha'i ba ɗaya yake da wanda amsoshinsa lambobi ne ba. Sannan a zana sa'o'in shiri a cikin jadawalin da tawada iri ɗaya da ta darasi, a sa su biyu a jere inda zai yiwu, don minti 40 guda ɗaya kafin mutum ya zauna ya buɗe littafi an buga ƙararrawa. A ba su ɗaki mai tebur da ƙofar da ake rufewa. Idan wani malami bai zo ba, a bi jerin da aka tsara tun farkon zango, kowa da ranarsa, maimakon a leƙa ɗakin malamai a ɗauki duk wanda aka tarar a zaune da tarin littattafai a gabansa.